Warin fetur a ɗakin yara, mai gida kuma ya ce janaretona ne

Baban Khalifa:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina neman wanda ya san kan wani abu da ya hana ni barci. Shekara biyu ke nan muna haya ta wajen Kurmin Mashi a nan Kaduna, layin dai ba zan faɗa ba, don ba tonon asiri ya kawo ni ba. Katangar bayanmu ita ta raba mu da wani tsohon gidan mai da aka rufe tun kafin mu tare. An cire famfunan, amma an ce tankokin suna nan a binne. Bara da marka ruwan rijiyarmu ya fara warin fetur, in ka ja guga ka ajiye sai ka ga wani maiƙo yana ƙyalli a sama kamar bakan gizo. Muka daina sha, muka koma wa 'yan garuwa, na rijiya sai wanki da wanka. Da rani ya kama warin ya lafa har muka manta. To bana ya dawo, kuma bai tsaya a rijiya ba. Da asuba in na shiga tayar da yara salla, ɗakinsu kamar an kifar da galan. In aka buɗe taga, kafin hantsi ya baje. Na yi wa mai gida magana, ya ce janaretona ne. Shin man da ke ƙarƙashin ƙasa yana iya shigo wa mutum ɗaki ba ta ruwa ba? Ko hancina ne ke min gizo?

Maman Ummi:
Wa alaikumus salam. Subhanallah. Baban Khalifa, kafin masana su zo, don Allah ka fitar da yaran nan daga ɗakin tun yau. Ko falo ne su kwana.

Dillalin Rigasa:
Malam, gaskiya ɗaya ce, ina bayan mai gida. Shekara nawa ina harkar gidaje, ban taɓa jin an ce fetur ya huda siminti ba. Ka duba inda kake ajiye jarka. Tun da aka cire tallafi a 2023 kowa ya zama ɗan bumburutu a gidansa, wani har ƙarƙashin gado yake ɓoye galan, sannan a ce ƙasa ce ke wari.

Baban Khalifa:
Alhaji, ba na musu, ina da inji kuma ina da mashin. Amma injin yana ƙofar kicin, mashin a zaure, ɗakin yaran kuwa can ƙurya ne, shi ya fi kowane ɗaki nesa da su. Shi ya fi kusa da katangar.

Injiniyan Ruwa:
Baban Khalifa, hancinka lafiya lau. Abin da kake tambaya sananne ne a wurin masu aikin gurɓatar ƙasa, bari in yi maka shi dalla-dalla gwargwadon iko.

In tankin ƙasa ya yi tsatsa ya huje, ko mahaɗin bututunsa ya saki, man yana tsiyaya ya ratsa jar ƙasa da marmara har ya iske ruwan ƙasa. Fetur ya fi ruwa rashin nauyi, sai ya kwanta a samansa, wani sashe kuma ya narke a ciki ya bi ruwan duk inda gangare ya kai shi. To amma fetur ba ya zama shiru. Ka bar murfin jarka a buɗe ka ga yadda yake raguwa. Haka yake yi a can ƙasa: yana tashi ya zama tururi, tururin ya cika 'yan ƙofofin da ke tsakanin ƙwayoyin ƙasa, ya yi ta hawa. In fili ne, sai ya fita iska ta kwashe. In gida ne a sama, sai ya taru a ƙarƙashin daɓe yana laluben hanya.

Alhaji Dillali, ba sai ya huda siminti ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma wane gida ne a garin nan daɓensa ba tsaga? Ga inda daɓe ya haɗu da bango, ga inda fulamba ya fasa ya shigar da fayif bai liƙe ba, ga ramin wayar wuta, ga magudanar banɗaki.

Batun damina kuma shi ya sa na fi yarda da kai. Rijiyoyinmu na Kaduna ba dogaye ba ne, ruwansu a cikin ruɓaɓɓen dutsen da ke saman babban dutse yake. Da marka ruwan yana hawowa, ya ɗago man da ke kansa ya kawo shi kusa da fandisho. Ga shi ruwan sama ya jiƙe tsakar gida ya toshe ƙofofin ƙasar waje, busasshiyar ƙasa ɗaya da ta rage ita ce ta ƙarƙashin ɗakinka. Nan tururin zai nufa. Janareto bai san damina da rani ba.

Tambaya uku. Gaba nawa kake sakin igiya kafin guga ya taɓa ruwa a yanzu? Akwai banɗaki a cikin ɗakin yaran? Sokawe ɗin gidan yana wane ɓangare?

Baban Khalifa:
Injiniya, Allah ya saka da alheri. Yanzu ko gaba biyu ba a saki, da rani kuwa sai an yi biyar ko fiye. Akwai banɗaki a ɗakin amma mun daina amfani da shi tun da famfonsa ya lalace, tarkace muke zubawa. Sokawe yana jikin katangar bayan.

Injiniyan Ruwa:
To ka gama ba ni amsa. Je ka durƙusa a bakin magudanar banɗakin nan da asuba ka shaƙa sau ɗaya, ka dawo ka faɗa mana.

Mai Yasar Rijiya:
Ni dai shawarata a yashe rijiyar. Ruwa ba ya tsami banza, wataƙila wani abu ne ya faɗa. Mu in za mu shiga rijiyar da muke shakka, fitila muke kunnawa mu zura da igiya. In ta mutu, ba iska, ba mai shiga. In ta ci gaba da ci, bismillah.

Injiniyan Ruwa:
Malam, don girman Allah KADA a zura wuta a rijiyar nan. Dabararku tana da gaskiya a rijiyar da iskar shaƙa ta ƙare, amma a nan ita ce ajali. Tururin fetur ya fi iska nauyi, a rami yake kwanciya, kuma in ya kai kamar kaso 1.4 cikin 100 na iskar wurin, tartsatsi ɗaya ya isa. Kada a zura fitila, kada a zura mutum, kada a sa injin jan ruwa mai fetur a bakinta. A ranar 22 ga Afrilun 1992, a birnin Gwadalahara na ƙasar Meziko, fetur ya tsiyaya daga bututu ya shiga magudanun ƙazanta na ƙarƙashin titi. Mutanen unguwar sun yi kwanaki suna kukan wari. Da abin ya tashi, tituna suka tsage na tsawon kilomitoci, sama da mutum 200 suka mutu. Ba ina cewa naka ya kai can ba, Baban Khalifa. Amma ranar da ka shiga ka ji warin har yana sa ka hawaye, kada ka taɓa makunnin lantarki, fitar da kowa, buɗe ƙofofi.

Mai Yasar Rijiya:
Innalillahi. Na karɓi gyara, Injiniya. Ashe da na kashe kaina a kan dubu biyar.

Malamar Kimiyya:
Sannunku da ƙoƙari. Ina so in ƙara a kan maganar Injiniya, sannan in ɗan saɓa masa.

Fetur ba abu ɗaya ba ne, haɗin sinadarai ne barkatai. Wanda ya fi damun mu a ciki shi ne benzin. Hukumar binciken cutar daji ta duniya ta sa shi a rukunin farko, wato waɗanda aka tabbatar suna jawo cutar ga ɗan Adam, kuma ɓargo yake taɓawa, ya kai ga sankarar jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakarsa a ruwan sha a maikirogiram 10 cikin lita ɗaya. Don ku gane ƙanƙantar abin: giram ɗaya tak na benzin ya isa ya kai ruwa lita 100,000 bakin wannan iyaka, wato cikin tanka uku irin masu lita 33,000 da kuke gani a hanyar Kachia. A iska kuwa hukumar ba ta yarda akwai wani adadi da za a ce ba shi da illa sam ba.

Abin da ke ba ni tsoro ba warin ba ne, ranar da warin zai ɗauke ce. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, to hanci bai san kimar benzin ba. Yana fara jin sa ne a adadin da ya zarce wanda ke cutarwa a doguwar zama nesa ba kusa ba. Sannan hanci yana gajiya, in ka zauna a ɗaki minti kaɗan sai ka daina ji. Watannin ranin nan da ka ce kun manta, ba shaida ba ce cewa ba komai.

Kuma Baban Khalifa, wankan da kuke yi da ruwan ku dakata. Banɗaki a rufe, ruwa da ɗumi, duk abin da ke cikin bokitin yana tashi ka shaƙa. Tafasawa ma haka, ka fitar da shi daga tukunya ka zuba a kicin ɗin Maman Khalifa. Alif da kulorin ba sa cire shi.

Inda na saɓa wa Injiniya: kada mu firgita duk wanda ke maƙwabtaka da gidan mai. Fetur yana da magauta a cikin ƙasa, ƙananan halittu masu cinye shi muddin suna samun iskar oksijin. Shi ya sa a jagorar da hukumar kare muhalli ta Amurka ta fitar a 2015 aka ware fetur daban. Suka ce in akwai tsabtatacciyar ƙasa mai kaurin ƙafa 6 tsakanin gini da ruwan da mai ya narke a ciki, ko ƙafa 15 in man ne kwance tsagwaronsa, galibi tururin yana ƙarewa a hanya.

Injiniyan Ruwa:
Malama, ban musa ba, amma ki auna da nasa. Ya ce gaba biyu ba ya cika, kuma daga bakin rijiya yake aunawa, wanda an ɗaga shi sama da ƙasa. Ya ce yana ganin maiƙo a guga, ke nan ba narkakke kaɗai ba ne. Ina ƙafa 15 ɗin? Sannan wannan lissafi yana aiki ne in tururin ta cikin ƙasa yake bi. In ya samu fayif ɗin sokawe, ya hau titin kwalta ne, ba wata halitta da za ta tare shi. Ƙari a kan haka, mu mutanen nan mun shafe tsakar gida da siminti daga katanga zuwa katanga, gidan mai ma kankare ne gaba ɗaya. Ta ina oksijin ɗin zai sauka?

Malamar Kimiyya:
A kan gidansa mun daidaita. Ina magana ne saboda masu karantawa su yi shiru, kada gobe rabin Kaduna su ce za su tashi.

Dillalin Rigasa:
Yauwa Malama, faɗa musu. Amurka, Meziko, duk an zagaya duniya. Mu nan kakanninmu sun sha rijiya sun rayu. Irin wannan magana ita ke karya darajar gida, mai gida ya yi asara a kan zato.

Maman Ummi:
Alhaji, kakanninmu a kusa da tankin fetur suka haƙa rijiya? Kai fa ladanka kake karewa.

Malamar Kimiyya:
Alhaji, in misalin gida kake so, ga shi. Rahoton da hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a kan ƙasar Ogoni a 2011 ya ce a Nisisioken Ogale, jihar Ribas, an samu mutane suna shan rijiyar da benzin ɗinta ya ninka iyakar da na faɗa fiye da sau 900, kuma an samu tataccen mai mai kaurin santimita 8 kwance a kan ruwan ƙasa. Ba ɗanyen mai ba, tatacce, irin wanda ake zuba wa mota. Mu kuma gari ne mai matatar mai tun 1980, ga bututu, ga wuraren da tankoki ke kwana, ga gidajen mai a kowace kwana, wasu sun girmi masu sayar da man. Ban ce ko'ina ya gurɓata ba. Cewa na yi tambayar ba ta Turawa kaɗai ba ce.

Baba Kakuri:
'Ya'yana, ku bar tsoho ya sa baki. Na yi shekara 21 a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri, a ɓangaren rini. Tun 1957 da aka buɗe ta farko ake aiki a wannan yanki, har zuwa lokacin da suka durƙushe ɗaya bayan ɗaya. Mun ga kwata tana gudu ja yau, gobe shuɗiya. A lokacin wa ya damu, albashi na shiga, jiniya na kaɗawa, garin ya cika da kekuna. Yanzu jikokina suna zaune Makera. Malama, wannan tururi da kuke faɗa, har da na rini?

Malamar Kimiyya:
Baba, ina gaisuwa. Tambayarka ta fi ta kowa wuya. Yawancin kayan rini da soda da ƙarafa masu guba ba sa tashi su zama tururi, in ban da zaiba. Haɗarinsu a ruwan sha ne da kayan lambun da aka yi ban ruwa da shi, da ƙasar da yara ke wasa a kai. Irin abin da ya faru a Zamfara a 2010 ke nan, inda gubar dalma ta kashe yara kusan 400, ta ƙura da ƙasa ta shiga, ba ta tururi ba.

Amma duk babbar masana'anta tana da wurin gyaran injuna, kuma a zamanin da, a duniya baki ɗaya, akwai wani ruwan wanke maiƙo daga ƙarfe da ake ji da shi, ana taƙaita sunansa da TCE. Ɗan'uwansa PCE shi masu wankin kaya na zamani ba da ruwa ba suke amfani da shi. Waɗannan biyun sun fi fetur mugun hali. Sun fi ruwa nauyi, nitsewa suke su shige tsagar dutse. Halittun da ke cin fetur ba sa gamawa da su cikin sauƙi, sai su yi shekaru gommai suna nan. Warinsu kuma ba ya tona su kamar na fetur. An tabbatar TCE yana jawo sankarar ƙoda. A kansu ne ake cewa a duba duk ginin da ke cikin ƙafa 100 daga inda gurɓatar ta kai, wato tsawon fuloti ɗaya irin namu na 50 ta 100.

Ban ce akwai su a Makera ba, Baba, sai gwaji zai faɗa. Amma mutane irinku ne farkon bincike. Kafin a haƙa rami ko ɗaya, mai bincike na gari tsofaffin ma'aikata yake nema: ina ake ajiye durom, ina ake zubar da ragowa, ina tankin baƙin mai yake. Abin da ke kanka babu shi a takarda.

Baba Kakuri:
To ai kuwa su yi sauri, mun fara ƙarewa.

Ɗan Panteka:
Mu kuma makanikai fa? Baƙin mai a ƙasa muke juyewa tun muna yara, da fetur muke wanke kafireto mu watsar. Gareji nawa aka tasa aka yanka fulotai? Wallahi jikina ya yi sanyi.

Injiniyan Ruwa:
Baƙin mai ba ya tashi sosai, ruwa yake ɓatawa. Fetur da tina da kuke wanki da su ne masu tashi. Ku samu durom ku riƙa tarawa, akwai masu saye.

Anti Nas:
Baban Khalifa, yaya jikin yaran? Suna kukan ciwon kai da safe, ko jiri, ko tashin zuciya, ko yajin ido? A ƙasa suke kwana ko a gado? In za ka kai su asibiti ka faɗa wa likita maganar warin ƙarara, in ba haka ba maganin zazzaɓin cizon sauro za ku yi ta sha. Ka roƙi a yi musu gwajin ƙirgen ƙwayoyin jini. Ba zai nuna benzin kai tsaye ba, amma zai nuna ko ɓargo yana aikinsa, kuma a samu abin kwatantawa nan gaba. Sannan kada maganar nan ta mantar da kai injin. Hayaƙinsa yana da wata iska da ba ta da wari ko kaɗan, ita ce ke kashe iyali guda a dare ɗaya. Ƙofar kicin ba wurin janareto ba ne.

Baban Khalifa:
Anti, a katifa suke a ƙasa. Ƙaramar ce ke yawan cewa kanta. Mun ɗauka rigimar makaranta ce. Allah ya yafe mana. Tun jiya suna falo.

Injiniya, to gwajin nan yaya ake yi, kuma ina ake yi? Akwai robar ruwa a nan, in ɗura in kai?

Malamar Kimiyya:
A'a, kada ka ɓata kuɗinka. In ka ɗura a roba ka bar iska a sama ka hau Keke da rana, kafin ka isa benzin ɗin ya gudu, a ba ka takarda a ce ruwanka lafiya. Ƙananan kwalabe ake amfani da su masu cin mililita 40, a cika maƙil ba ko ƙwayar kumfa, a sa cikin ƙanƙara, a kai da wuri. Kuma gwajin da aka saba yi wa ruwan burtsatse, na ƙwayoyin cuta da ƙarfe da tsami, ba ya ganin benzin. Na'ura ce ta daban mai rarrabe sinadarai masu tashi. Duk inda ka je, ko Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa da ke Mando, ko sashen kimiyyar sinadarai na jami'a a nan ko a Zariya, tambayarka ta farko ita ce: kuna auna benzin da danginsa a ruwa? Su za su ba ka kwalbar.

Injiniyan Ruwa:
Na iska ya fi wuya da tsada, gaskiya. Yadda ake yi a ƙa'ida, wuri uku ake ɗiba a lokaci guda: cikin ɗaki, ƙarƙashin daɓe ta wani ɗan rami da ake hudawa a liƙe gefensa, da kuma waje. Ana ajiye wata tukunyar ƙarfe da aka zuƙe iskar cikinta, ta yi awa 24 tana ja a hankali. In na ƙarƙashin daɓe ya fi na ɗaki nesa, na ɗaki kuma ya fi na waje, daga ƙasa yake. In na ɗaki ya fi na ƙarƙashin daɓe, to Alhaji Dillali ya ci gari, ɓarawon a cikin gida yake. Kuma sau ɗaya ba ya isa, sai an yi da damina an sake da hunturu lokacin da kowa ke rufe taga.

Amurkawa suna da wani lissafi na tacewa, suna ɗauka cewa kaso 3 cikin 100 na abin da ke ƙarƙashin daɓe ne ke shiga ɗaki. Ni ba na dogara da shi a nan, daga gidajensu aka samo shi. Namu tagoginsu sun fi buɗewa, wannan riba ce, amma daɓenmu ya fi nasu rauni, ga rijiya a tsakar gida wadda ita kanta bututun hayaƙi ce daga ruwan zuwa sama.

Amma kafin ka kashe ko sisi, yi gwajin talaka. Kai inji da mashin da jarka da ragowar fenti gidan wani na kwana uku. Buɗe ko'ina ya sha iska, sannan ka rufe ɗakin ya kwana ba kowa. In warin ya dawo, ka ɗauki mai gida da mai unguwa su shaƙa da hancinsu. Akwai kuma wata 'yar na'urar hannu da masu aikin kiyaye haɗari a harkar mai suke riƙewa, ana bin tsaga da ita tana nuna inda tururi ya fi yawa. Ba ta bambance benzin da sauran, amma tana nuna ƙofar.

Oga Birkila:
Ni abin da na sani, in mun zuba jaman fulo muna shimfiɗa leda a ƙasa. Ba ta isa ba?

Injiniyan Ruwa:
Oga, ledar danshi ce, kuma tsakaninka da Allah, nawa ke kaiwa a zuba kankare ba ta yage ba? Wanda zai yi sabon gini a wurin da ake shakka, tsakuwa zai fara zubawa, ya kwantar da fayif mai huji-huji a ciki, ya sa shimfiɗa mai kauri da aka yi don sinadarai a liƙe mahaɗanta, ya fitar da fayif ɗin ta bango har ya wuce rufi. Tururin ya samu hanya mai sauƙi ya bar ɗaki. A ƙasashen da wuta ba ta ɗaukewa ƙaramar fanka suke sawa tana zuƙa dare da rana. Mu sai dai sola, ko hular nan mai juyawa da iska. In fetur ne kuma, fankar dole ta zama wadda ba ta tartsatsi.

Abu ɗaya da mutane ke yi ya ƙara ɓata lamari: su rufe ɗaki ruf su kunna fankar zuƙe iska ta banɗaki. Iskar da ka fitar dole wata ta maye gurbinta, in taga a rufe take, daga ƙarƙashin daɓe za ta zo.

Dillalin Rigasa:
To in ma haka ne, mai gida ya haƙa burtsatse a huta.

Injiniyan Ruwa:
Burtsatse ba ya hana tururi shiga ɗaki, Alhaji. Kuma in mai haƙar bai toshe saman ramin da siminti yadda ya kamata ba, ya buɗe wa man hanya zuwa ruwan ƙasa mai zurfi, ya ɓata na maƙwabta. Maganin asali a tono tankin a kwashe ƙasar da ta sha mai, wannan kuma ba aikin ɗan haya ba ne, ba ma na mai gidan ba ne, shi ma cutarsa aka yi. Na mai gidan man ne. Ku rubuta takarda, ku sa hannu ku da yawa, ta bi ta hannun mai unguwa zuwa KEPA, hukumar kare muhalli ta jiha. A kai kwafi NMDPRA, su ke kula da gidajen mai tun dokar man fetur ta 2021, da NOSDRA masu bin malalar mai. A buga muku tambarin karɓa a kan kwafinku.

*Bayan kwana huɗu*

Baban Khalifa:
Jama'a na dawo. Na kai inji da mashin gidan ƙanina a Badiko, kwana uku muna kwana a duhu. Jiya da asuba na buɗe ɗakin, warin yana nan daram. Na durƙusa a magudanar banɗakin kamar yadda Injiniya ya ce, sai da na ja da baya. Na kira fulamba, ya ce ruwan da ke tsayawa a lanƙwasar fayif ya toshe wari ya ƙafe tun tuni saboda ba a amfani da wurin, masai ɗin ma a ƙafe yake. Ke nan watanni muna kwana da ƙofa a buɗe daga sokawe zuwa kan yarana. Ya zuba ruwa, ya liƙe gefen fayif da wata tsaga a gindin bango, ya ce fayif ɗin numfashin sokawe ma a karye yake dab da tagar. Yau da asuba warin ya ragu ƙwarai.

Mai gida ya zo, ya shaƙa, bai ce komai ba sai "ikon Allah". Ya yarda zai biya fulamba. Na leƙa maƙwabta, gida biyu sun ce su ma rijiyarsu haka take, ɗaya tun shekara uku, kowa ya yi shiru don kada a ce ya ɓata wa unguwa suna.

Maman Ummi:
Alhamdulillah. Alhaji Dillali, muna jiran ka.

Dillalin Rigasa:
Na gani. To ai an gyara, magana ta ƙare ke nan.

Malamar Kimiyya:
Ba ta ƙare ba, Alhaji, tsugune ba ta ƙare ba. Ƙofa ɗaya aka rufe, man yana nan a ƙasa. Baban Khalifa, ka tuna abin da na ce a kan hanci. Kada ka mayar da yaran don wari ya ragu. Ku haɗa kuɗi da gidajen nan biyu a gwada ruwan rijiyoyin uku tun ruwa bai ja baya ba, takardarku za ta fi nauyi in akwai sakamako a manne.

Injiniyan Ruwa:
Kuma ka riƙa zuba kofin ruwa a magudanar duk sati. Rijiyar a yi mata murfi mai kama baki, da fayif dogo da zai fitar da numfashinta sama da rufi, a sa kwaɗo saboda yara. Ka auna min zurfin ruwan da igiya duk Juma'a ka rubuta, zai yi amfani.

Baban Khalifa:
In sha Allahu. Mai unguwa ya ce mu same shi ranar Asabar bayan la'asar. Hayata saura wata biyar, Maman Khalifa ta ce ko kwana ɗaya ba za ta ƙara a kai ba, ni kuma ina tunanin wanda za a zuba a gidan in mun tashi. Injiniya, in na turo maka takardar ta akwatin sirri za ka duba min kafin mu buga?

Injiniyan Ruwa:
Turo. Ka sa har da shekarar da aka rufe gidan man, in akwai dattijon da ya tuna.

Baba Kakuri:
In ta wajen Kurmin Mashi ne, ina da aboki a can da ya yi gadi a gidajen mai. Bari in neme shi, in yana raye.